Yaran da ba su koma allura ta uku ba: nazarin lamarin wata mazaɓa a karkarar Kano

Mazaɓar da tarihinta

Mazaɓar tana kudancin jihar Kano. Gari ne guda mai kasuwar mako-mako, da ƙauyuka a warwatse kewaye da shi, sai rugagen Fulani a bakin rafi. Da damina ana noman dawa, masara, gyaɗa da waken suya, da rani kuma lambu. Asibitin sha-ka-tafi ɗaya ne ke hidimar kowa. A cikinsa akwai jami'in lafiya mai kula da shi, da ma'aikaciya mace guda, da wani matashi ɗan sa-kai mai rubuta kati. Akwai firji mai aiki da hasken rana, akwai babur na fita ƙauyuka.

A lokacin da wannan lamari ya faru, jadawalin rigakafin yau da kullum na Najeriya yana bukatar a kai yaro asibiti sau shida don allura kafin ya cika shekara biyu. Da haihuwa ana yi masa BCG ta tarin fuka a dantsen hagu, da allurar ciwon hanta, da ɗigon shan inna. A sati 6, sati 10 da sati 14 ana yi masa Penta a gefen cinya, rabin mililita kowace, wadda ta haɗa kariya daga mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon hanta da ƙwayar Hib mai haddasa sanƙarau da limoniya. Tare da ita ake ba da allurar limoniya, da rigakafin shan inna, da ɗigon gudawa na Rota wanda aka shigo da shi a 2022. A wata 9 sai ta ƙyanda, ta shawara da ta sanƙarau. A wata 15 a maimaita ta ƙyanda.

Duk wanda zai yi maganar rigakafi a Kano yana tafe ne da tarihi a bayansa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon shan inna bisa zargin yana hana haihuwa, ba a koma ba sai a Yulin 2004, da maganin da aka samo daga Indonesiya. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano. Bayan haka sarakuna da malamai suka shiga aikin gadan-gadan. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a jihar an same shi a Sumaila a Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Wannan dogon yaƙi ya bar wa mutanen mazaɓar wata fahimta: rigakafi abu ne da ke zuwa har zaure. Mata biyu su shigo da akwati, a ɗiga wa yaro ɗigo biyu, a shafa masa tawada a ɗan yatsa, a rubuta alli a bango, su wuce. Ba a fita nemansa, ba ya sa zazzaɓi, ba a biyan kuɗin acaɓa.

Ƙarshen 2022: abin da rajista ta nuna

A rahoton kamfen ɗin shan inna mazaɓar ba ta da matsala. Gidajen da ke hana ɗigo ba su da yawa, kuma da dagaci ya aika musu sukan sauko. Matsalar tana cikin rajistar asibiti. Idan aka buɗe shafi, layin BCG da na Penta ta farko cike suke da kwanan wata. Layin Penta ta biyu ya fara giɓi. Na uku rabinsa fari ne fat, na ƙyanda kuma sai an laluba.

Akwai lissafin da ake aunawa da shi. A ɗauki adadin yaran da suka karɓi Penta ta farko, a cire waɗanda suka karɓi ta uku, a raba abin da ya rage da adadin farko, a ninka da ɗari. Idan sakamakon ya haura kashi 10, to iyaye suna zuwa amma ba sa dawowa. Na mazaɓar ya haura wannan iyaka nesa ba kusa ba, wata bayan wata.

A daidai wannan lokaci, cikin Disamba, aka fara samun rahoton mashaƙo a Kano, cutar da ta zama annoba a 2023 kuma jihar ta fi kowace ɗaukar nauyinta. Ɗigon shan inna ba ya kare yaro daga mashaƙo. Penta ce ke yi, kuma allura ɗaya ba ta isa, sai ukun sun cika. Ke nan yaran da bangon gidansu ya sha alli a buɗe suke.

A taron wata-wata na ƙaramar hukuma aka rubuta dalilin da kalmomi biyu: ƙin yarda.

Janairu zuwa Afrilu 2023: wa'azi, sabulu da barazana

Da wannan fassara aka fara aiki. An roƙi limamin Juma'a ya yi huɗuba, ya kuma yi ta da kyau. Ya kawo hadisin neman magani, ya ce rigakafi ba ya karo da tawakkali, ya ce shi ma an yi wa jikokinsa. Sanƙira ya zaga gari da lasifika. Mutane suka saurara, ba wanda ya yi musu. A makon da ya biyo baya sababbin jarirai sun ɗan ƙaru, amma layin Penta ta uku bai motsa ba.

Sai aka koma ga kyauta. Sabulun da ya rage daga kamfen aka riƙa ba duk uwar da ta zo. Asibiti ya cika na wasu makonni, har da mata masu yaran da suka wuce shekarun jadawali. Da sabulu ya ƙare sai zuwan ya koma ƙasa da inda yake a da, domin labari ya bazu cewa yanzu ba a ba da komai. Wasu kuma suka fara tambayar da aka daɗe ana yi a Arewa: maganin zazzaɓin cizon sauro sai ka saya, wannan kuma har da tukuici, me ke cikinsa?

Na uku barazana ce. Dagaci ya sanar cewa duk magidancin da bai kai ɗansa ba za a kai sunansa gaban hakimi. Wasu suka kai yaran sau ɗaya don a bar su su huta. Wasu matan suka daina zuwa awo gaba ɗaya don kada a rubuta sunansu. Ga kuma ƙarancin takardun kuɗi na canjin Naira da ya kama a watannin Fabrairu da Maris, ga azumi ya shigo a ƙarshen Maris. Zuwa ƙaramar Salla rajistar tana nan yadda take.

Mayu zuwa Yuni 2023: da aka je aka tambaya

Kwamitin ci gaban mazaɓa ya ba da shawarar a daina faɗa wa mutane, a je a ji daga bakinsu. Aka fitar da sunayen yaran da suka yi Penta ta farko ba su dawo ba. Ma'aikaciyar asibiti da ungozomar kowane ƙauye suka shiga cikin gida wurin mata, jami'in kuma ya zauna da maza a majalisa bayan la'asar. Tambayar guda ce: ranar da ya kamata a dawo, me ya faru?

Amsar da ta fi yawa zazzaɓi ce. Penta takan sa jikin yaro zafi, cinya ta kumbura, ya yi ta rigima kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan na iya samun kusan rabin yaran da aka yi wa. Babu wanda ya gaya wa iyayen haka tun farko. Uwa ta goya lafiyayyen jariri ta fita, ta dawo da mai kuka, maigida bai runtsa ba, da safe ya sayi magani a kyamis da kuɗinsa. Wata uwar miji ta ce wa ma'aikaciyar: "Malama, ɗa lafiyarsa ƙalau aka kai muku shi. Mu da muka haifi goma ba mu taɓa kai lafiyayye asibiti ba." A irin wannan gida ba uwar jariri ke yanke hukunci ba. Maigida ya ce kada a sake, magana ta ƙare.

A ƙauye ɗaya abin ya fi haka. Cinyar wani jariri ta kumbura ta yi ƙurji har sai da wanzami ya tsaga, kuma tun daga nan ƙauyen ya ɗauke ƙafa baki ɗaya. Da aka bi diddigi sai aka ga yadda ake shirya akwatin fita: ana ciro ƙanƙara daga firiza a jera ta kai tsaye a jikin kwalabe. Penta ba ta son daskarewa. Wurin zamanta tsakanin digiri 2 ne da 8, idan ta daskare ƙarfinta ya tafi, sinadarin da ke cikinta ya dunƙule, kuma yakan iya tara ƙurji a inda aka soka.

Amsa ta biyu ita ce an zo an koma hannu rabbana. Kwalbar BCG ta yara 20 ce, ta ƙyanda ta yara 10, kuma da zarar an haɗa su da ruwansu, bayan awa shida sai zubarwa. Jami'in yana tsoron a tuhume shi da ɓarnar magani, don haka idan mata uku ne suka zo yakan ce su dawo wani makon, sai an taru. Matar da ta roƙi izini, ta biya acaɓa zuwa da dawowa, aka ce ta koma, da wuya ta sake samun izini na biyu. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu kuɗin acaɓa ya yi tashin gwauron zabo, wannan dalili ya ƙara nauyi. Wasu ranakun ma asibitin a kulle aka tarar da shi, jami'in ya tafi taro hedikwatar ƙaramar hukuma.

Ta uku ta shafi al'adar haihuwa, kuma ita ce wadda takardun ofis ba su taɓa hangowa ba. Mai haihuwar fari takan tafi wankan gida wurin iyayenta, ta zauna har arba'in ko fiye. A can ake yi wa jariri BCG, wani lokaci da Penta ta farko. Daga nan sai yawon arba'in, sai komawa gidan miji a wani gari. Asibitin da ya fara rubuta ta yana ganin ta gudu, asibitin garin mijinta bai san da ita ba. Ita kuma, da kunyar ɗan fari, ba za ta buɗe baki ta tuna wa surukarta ranar allura ba.

Sauran dalilan ƙanana ne amma suna taruwa. Kati ya ɓace ko ruwan sama ya jiƙa shi, uwa tana tsoron faɗa. An wuce rana da sati biyu, ta ɗauka an makara ko za a sake daga farko. Yaro yana mura, kaka ta ce a bari ya warke. Ranar allura ta faɗa ranar kasuwa, maza sun tafi da babura. Masu maganar hana haihuwa suna nan, amma gidaje ne ƙalilan da kowa ya san su, kuma mafi yawansu ba su cikin jerin, tunda ko ta farkon ba su kawo ba.

Daminar 2023: abin da aka canza

An fara da bakin ma'aikata. Kafin a soka allura, ba bayanta ba, ma'aikaciyar takan zaunar da uwa ta ce: "Maman jariri, yau da dare jikinsa zai iya yin zafi, cinyar nan ta ɗan tashi. Alamar maganin yana aiki ne, jibi zai warware. Ki ba shi mama sosai, ki rage masa kaya, ki ɗora tsumma mai sanyi a wurin. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a shafa man zafi." Ana ba da farasitamol na yara gwargwadon nauyi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, a nuna mata iyakar ma'auni da idonta. Ana kuma gaya mata abin da ba a jira da shi: jijjiga, kuka ba ƙaƙƙautawa fiye da awa uku, ƙin kama mama, ko kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku. Washegari ungozoma takan leƙa gidan. Wannan leƙawa ta yi aiki fiye da yadda aka zata, domin ita ce karo na farko da wani ya dawo tambayar lafiyar yaro bayan an yi masa allura.

Akwatin fita ma aka gyara. Ana ajiye ƙanƙara a kan tebur har sai an ji motsin ruwa a ciki idan aka girgiza, sannan a jera. Kwalbar da ake zargin ta daskare ana gwada ta da wadda aka daskarar da gangan: a girgiza su tare a ajiye, idan ta kwanta da sauri kamar waccan, a fitar da ita. Jami'in ya je ƙauyen da aka yi ƙurjin, ya zauna da mahaifin yaron a gaban mai unguwa, ya faɗi abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba. Sai da aka yi zama biyu kafin ƙauyen ya yarda a dawo.

Daga ƙaramar hukuma aka nanata wa jami'in ƙa'idar da take a rubuce tun da can: a buɗe kwalba ko da yaro ɗaya ne ya zo, kuma ba za a tuhume shi ba. Wanda ya ɓatar da kati a duba rajista a ba shi sabo. Wanda ya makara a ci gaba daga inda ya tsaya, ba a komawa farko, sai dai a bar aƙalla sati huɗu tsakanin Penta da Penta. Mura ko ɗan zawo ba sa hana allura. An ɗauke ranar allura daga ranar kasuwa, aka tsayar da rana guda da ba ta tashi ko jami'in yana nan ko ba ya nan. A ranar kasuwar kuma aka bar ɗan zama na hantsi saboda matan ruga masu kawo nono, waɗanda ba sa shigowa gari sai ran nan.

Sai maganar maza. Masarautar Kano ta daɗe tana sa masu unguwanni rubuta jariran da aka haifa, amma a mazaɓar littafin ya zama na cike gurbi. Aka farfaɗo da shi ta hannun wanzamai, domin babu jaririn da ake raɗa wa suna wanzami bai je askin suna ba. Ma'aikatan lafiya ba su yarda da cire belun da wanzamai ke yi ba, sun kuma faɗa musu, amma ba su bar wannan saɓani ya hana haɗin kai ba. Ranar suna wanzami ya kai wa mai unguwa sunan uba da garin da uwar za ta koma. Mai unguwa kuma ya nemi abu guda wurin angon ƙarni a gaban jama'a: izini sau ɗaya na zuwa shida. A gidajen da kulle ya yi tsanani aka amince kaka ko wata dattijuwa ta kai yaron.

An kuma daina faɗa wa mata kwanan wata na Bature kaɗai. Sati shida kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in, ranar da babu mai jego da ke mantawa. Sai aka riƙa cewa allura kafin yawon arba'in, ta biyu bayan Juma'a huɗu, ta uku bayan wasu huɗun. Mai komawa gidan miji ana rubuta mata sunan asibitin can a bayan kati, jami'in ya kira takwaransa a waya.

Kakar 2023 zuwa 2024: sakamako

Cikin damina labarin mashaƙo ya iso kusa, aka ji yara sun rasu a maƙwabciyar mazaɓa. Da aka zo kamfen na gaggawa, Penta ga ƙanana da Td, allurar tetanus da mashaƙo, ga manyan yara, layi ya fita har bakin titi, iyaye maza da kansu suka riƙo hannun 'ya'yansu. Bayan girbi tsoron ya lafa, cunkoson ya watse.

Abin da bai watse ba shi ne dawowar jarirai. Daga kaka zuwa ƙarshen rani layin Penta ta biyu da ta uku ya riƙa cika, har tazarar da ke tsakanin ta farko da ta uku ta sauko kusa da iyakar kashi 10, wasu watannin ƙasa da ita. An kuma gano cewa wani ɓangare na waɗanda ake ƙirgawa sun gudu a da, an ƙarasa musu a garin iyayensu maza.

Allurar wata 9 ba ta bi sahu sosai ba, ta wata 15 kuwa har yanzu baya take. Rugage sukan tashi da rani a rasa inda suka nufa. Gidajen da suka ƙi tun farko, yawancinsu suna nan a kan bakansu.

Abin da lamarin ya nuna

Kuskuren farko na fassara ne. An haɗa yarda da nema wuri guda, alhali abubuwa biyu ne. Uban da ya bari aka ɗiga wa ɗansa a zaure ya yarda. Uban da ya cire kuɗin acaɓa daga na cefane, ya bar matarsa ta fita, ya jure daren kuka, ya kuma sake yin haka bayan sati huɗu, shi ne mai nema. Shekaru ashirin na kamfen gida-gida sun gina na farkon, ba su gina na biyun ba, kuma rahoton kamfen mai kyau ya rufe wannan giɓi har sai da mashaƙo ya tona shi.

Huɗuba ba ta yi aiki a kan waɗanda ba su dawo ba, saboda ta amsa tambayar da ba su yi ba. Ba su ce haramun ne ba, cewa suka yi ya sa yaro zazzaɓi kuma an mayar da su. Wannan ba ya rage darajar malamai. Ba don aikin da suka yi tun bayan 2004 ba, da ba a samu layin Penta ta farko a cike ba. Sabulu ya faɗi ne saboda an ba da shi don zuwa, ba don cika jadawali ba, kuma ya yanke ba sanarwa. Tallafin kuɗi mai tsari daban yake: gwajin da aka yi da shirin New Incentives a Jigawa, Katsina da Zamfara ya nuna ƙaramin kuɗi a kowace allura yana ƙara yawan masu zuwa. Amma ko shi ba zai buɗe asibitin da aka kulle ba. Barazana kuwa ta fi kowanne ɓarna, domin ta kori mata har daga awo.

Ba za a ce tsoron annoba bai taimaka ba. Sai dai da shi kaɗai ne, da dawowar jarirai ta faɗi tare da cunkoson bayan girbi, kuma ba ta faɗi ba. Mafi yawan abin da ya riƙe ta gyara ne a ɓangaren asibiti, ba a zukatan iyaye ba, kuma kusan duk ba ya cin kuɗi: magana kafin allura, kwalbar da aka buɗe, ranar da ba ta tashi, ƙanƙarar da aka bari ta saki.

Rauni biyu suka rage a tsarin. Ya rataya ne a wuyan mutane ƙalilan, ma'aikaciya guda da ungozomomin da ba a biya, ta yadda canjin wurin aiki ɗaya zai iya mayar da hannun agogo baya. Sannan tsakanin sati 14 da wata 9 akwai kusan wata shida da babu wata al'ada irin arba'in da za a rataya ranar a jikinta. Kwamitin ya fara gwada kiran iyaye a wata 6 don ɗigon bitamin A da awon nauyi, a nan a sake tuna musu ranar ƙyanda, tare da ba masu unguwanni jerin yaran da za su cika wata tara a farkon kowane wata.